Jujin Baba Tsintsiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ta wani tsoho da tsintsiyarsa.

Ta zo mu ji, mun gyara zama.

To. Akwai wani gini mai hawa huɗu, duk ofisoshi ne a ciki, irin waɗanda mutane ke shiga da jaka su fito da ciwon baya. A gabansa akwai fili, a filin akwai ciyawa da bishiyoyi bakwai da shingen furanni. Mai kula da su wani dattijo ne da kowa ke kira Baba Tsintsiya. Ainihin sunansa yana nan a takarda, amma ko Manaja sai ya buɗe fayil kafin ya tuna shi.

Shekararsa ashirin da tara a wurin, kuma a cikinsu ganye bai taɓa wuni a ƙasa ba. Ganye zai saki reshe, kafin ya gama lilo a iska Baba ya riga ya tsaya a ƙarƙashinsa yana jira. Ciyawa kuwa aski yake mata duk Talata. Shingen furanni ya daidaita samansa da almakashi har ma'aikata kan ajiye kofin shayi a kai su amsa waya. Da rana ta take sai ya ja tiyo ya yi ta ban ruwa har ƙasa ta ce ta ƙoshi ta fara mayarwa. In ya ga ƙwaro, feshi. In ya ga tsiron da ba shi ya shuka ba, ya tumɓuke shi tun bai san ya fito duniya ba.

Matarsa Iya takan ce, "Da ni ma ganye ce, da tuni ka share ni."

"Ke ai ba ki faɗo ba tukuna," yake ce mata.

Abu ɗaya ne a duk wurin yake jin kunyarsa. Tun shekararsa ta farko masu motar shara suka ce su ba sa ɗaukar ganye, ya san yadda zai yi da abinsa. To a bayan ɗakin janareta, tsakanin bango da katanga, akwai wani rami da magina suka haƙa suka manta. Can Baba ya riƙa kai komai a baro: ganye, yankakkiyar ciyawa, rassa, matattun furanni. Ya jingina tsofaffin fallayen langa-langa biyu ya tare hanyar. Ba ya zuwa sai ya waiga hagu ya waiga dama. Mutumin da ake nuna wa baƙi saboda tsafta, a ce yana da juji? Ko Iya ba ta sani ba.

Wata safiya Manaja ya kira shi sama.

"Baba, masu ginin sun ba wani kamfani aikin fili. Suna da ma'aikatansu. Na roƙe su, sun yarda su gwada ka sati shida. Ranar Juma'ar ƙarshe mai kamfanin zai zo da kansa ya duba. In aikinka ya yi musu, ka ci gaba da zama. In bai yi ba…" Sai Manaja ya shiga gyara takardun da ba su karkace ba.

Baba ya sauko ko gezau. Gwaji a kan shara? A gwada mana. Ya sayi sabuwar tsintsiya a hanyar gida, ya wasa almakashinsa.

Ranar Litinin wata ƙaramar mota ta tsaya, wata yarinya ta fito. Ba ta kai autarsa ba a shekaru. Takalmanta manya irin na masu aikin gini, malafarta kuwa faɗinta kamar lema. Kafin azahar duk ginin ya sa mata 'Yar Malafa. Ta gaishe shi da ladabi har da rusunawa, sannan ta zaga filin. Ba ta kalli askin ciyawa ba, ba ta kalli shinge ba. Tsugunawa ta yi ta cusa yatsa a ƙasa, yatsan ya ƙi shiga.

"Baba, ƙasar nan ta gaji."

"Ƙasa tana gajiya?"

"Kamar ni da kai. Shekara da shekaru ana kwashe mata abinci, ana ɗura mata ruwa. Kuma rijiyar ginin nan kullum ƙara nisa take yi. Saboda haka daga yau ba ban ruwa da rana. Da sanyin safiya, da bokiti, duk bayan kwana uku. Ba feshi. Ciyawar gaban nan za mu ɗaye ta gaba ɗaya, mu shuka tsirran da suka saba da ƙasar da ranar, waɗanda ba sa neman a yi musu renon jarirai. Ganye kuma kada ka share shi. Inda ya faɗi, nan ne wurinsa."

Baba ya ji kowace kalma, kunnensa lafiya lau. Kansa ne ya ƙi karɓa.

"To ranki ya daɗe… 'yata…" ya rasa wanne zai kira ta da shi. "Me zan share?"

"Matakala da wurin ajiye motoci."

"Me zan yanke?"

"Ba komai tukuna."

"To me zan yi?"

"Ka lura da su."

"Lura aiki ne?"

Ta yi dariya, ta ce shi ne babban aikin. Baba ma ya yi dariya don kada a bar ta ita kaɗai, ya gyaɗa kai.

Kwana biyu aka yi ana ɗaye ciyawa. Baba ya naɗe ta da hannunsa kamar mai naɗe tabarmar gidan da aka tashe shi. A rana ta uku babbar mota ta kawo tsirrai a cikin baƙaƙen ledoji. Ya leƙa, ya ƙara leƙawa, ya cire hula ya sosa kai. Ya san su, kowanne ya san shi da fuska. Ga gamba, ga ɗoɗɗoya, ga wasu ƙananan masu farin fure da ke fitowa a bakin kwata. Su ne abokan gabar da ya yi shekara ashirin da tara yana yaƙi da su, yau ga su an kawo su a mota, kowanne da ledarsa kamar baƙin kunya. Shi aka miƙa wa fartanya ya haƙa musu mazauni. Ya shuka ɗari da ashirin, hannunsa na ƙaiƙayi.

Bai gama farfaɗowa ba aka sauke buhuna. Ya kwance ɗaya. Busasshen ganye ne.

"'Yata, wannan fa? Kuskure suka yi?"

"A'a, Baba, ni na sa a kawo. Na wurin nan bai isa ba. Mu baza shi a gindin tsirran, kauri kamar tafin hannu. Shi zai rufe ƙasa kada rana ta shanye ruwan, daga baya ya ruɓe ya zama abinci."

Haka Baba Tsintsiya, da hannunsa, da rana tsaka, ma'aikata na kallo ta taga, ya baza shara a gaban gini.

Da yamma Manaja ya fito yana kaɗa mukullin mota. Ya tsaya, ya dubi filin, ya ce da kansa, "Kai, wurin nan kamar an yi shekara ba kowa." Ya shiga mota ya tafi. Da kansa yake, amma a ƙirjin Baba maganar ta sauka.

Akwai maigadi a wurin, ana ce masa Dogo, mutumin da bai taɓa cewa bai sani ba. Ya ga Baba zaune a kan baro ya yi tagumi, ya jawo kujerarsa.

"Baba, kai fa ba ka san kamfani ba. Ni na tsare ƙofar kamfani biyar. Wannan duk jarrabawa ce."

"Jarrabawa kamar yaya?"

"Akwai inda na je neman aiki, suka yar da ɓawon ayaba a bakin ƙofa, suka laɓe a taga. Wanda ya tsallake, sallama. Wanda ya ɗauke, aiki."

"Kai ka ɗauke?"

"Ni takawa na yi na zame, amma ba wannan ake magana ba. Ka yi tunani mana. Wane mai hankali ne zai ɗauko shara a mota ya kawo? So suke su ga ko kai malalaci ne. An ce maka huta, in ka huta, shi ke nan, sun kama ka."

"Amma da bakinta ta ce kada in share."

"To da cewa za ta yi share? Ai da ba jarrabawa ba ce."

Baba ya tafi gida da magana biyu a kai, kowacce na ture 'yar'uwarta. Da safe shayinsa ya huce a gabansa bai sha ba. Iya ta matsa masa, ya kwashe komai ya gaya mata.

"Yarinya ta ce kada ka share, to kada ka share mana! Ni shekara nawa ina roƙonka ka share tsakar gidan nan, ka taɓa? Ka ɗauka can ma gida ne."

"Dogo ya ce…"

"Dogo! Wanda ya ce maka ciwon gwiwa man fetur ne maganinsa?"

Baba ya fita da niyyar bin maganar Iya, wallahi da ita ya fita. Sai dai ya isa tun ba kowa, ya tarar ganye ya ɗan gangaro kan hanyar shiga. Ya ce bari ya gyara bakin hanyar kawai, ai hanya ba fili ba ce. Ya share bakin hanya. Sai gefen ya fito ba daidai ba, ya ɗan ƙara. Sai ɗaya gefen ya ji haushi. Kun san hannun da ya saba, ba ya neman izini. Kafin motar farko ta shigo, ƙasa ta fito tas, an ja mata layi da tsintsiya, ganye kuma baro tara yana bayan langa-langa. Baba ya tsaya yana haki. Rabin zuciyarsa ya yi sanyi, rabi yana dukan tara-tara.

Ita 'Yar Malafa tana da wasu wurare, Litinin da Alhamis kawai take zuwa. Da ta zo ta tsaya cak.

"Ikon Allah! Ina ganyen?"

Baba ya buɗe baki, sai Dogo ya ɗaga murya daga ƙofa: "Iska ce, ranki ya daɗe! Wurin nan akwai iska!" Ya kanne wa Baba ido.

Ta ɗaga kai ta dubi bishiyoyi, ko ganye ɗaya ba ya motsi. Ta ciro ɗan littafinta ta yi rubutu.

"Ka gani?" in ji Dogo bayan ta wuce. "Ta rubuta. Maki ne."

Ta sa aka kawo wasu buhunan. Wannan karon ta yayyafa wa ganyen ruwa, ta jera sanduna a kai don kada iska ta ɗauka. Baba ya taya ta jerawa. Washegari ya tsaya a kan sandunan ya fi minti goma. In jarrabawa ce, an ƙara mata wuya ke nan, haka Dogo ya ce. In ba jarrabawa ba ce fa? To amma in ba ita ba ce, me ya sa ba a yi masa faɗa ba? Kuma in ita ce, me ya sa ba a yaba masa ba? Ya rasa ta inda zai kama. Ya tattara sandunan, ya ɗaure su tsaf ya jingina a bango, ya share.

A zuwa na gaba ta ga sandunan a ɗaure, ta san iska ba ta iya ƙulli ba. Ta zargi masu goge-gogen cikin gini, ta hau sama ta roƙe su, suka rantse ko filin ba sa takawa. Ta kafa ɗan allo, ta rubuta a kai kada a share. Sannan ta zo wurin Baba, ta rage murya.

"Baba, kai ne idona a nan. Wani yana kwashe mana ganye. Don Allah ka sa mini ido."

Gaskiya ta zo masa har bakin leɓe. Dogo ya yi tari daga ƙofa, irin tarin da ba na mura ba.

"Ina sa ido, 'yata," in ji Baba, yana kallon takalminsa.

Da safe ya share, ya zagaye allon a hankali, ya goge masa ƙura da gefen rigarsa.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, dokar ruwa ya riƙe ta da gaskiya. Ya yi wa kansa shari'a cewa in ya saɓa ɗaya ya bi ɗaya, duk inda gaskiya take ya samu rabi. Bokiti, da sanyin safiya, duk bayan kwana uku. To ƙasa ba mayafi, rana na dukanta tun safe har yamma, ruwa kuma an rage. Tsirrai suka fara langaɓewa. Shi kuwa a rayuwarsa bai taɓa barin langaɓaɓɓen tsiro a gaban gini ba, abin kunya ne. Yau ya cire uku, gobe biyar. Da ƙasar gindinsu yake ɗagowa, ya jefa a baro, ya watsa bayan langa-langa ba tare da ya kalli inda suka faɗa ba. 'Yar Malafa ta ƙirga, ta kawo wasu ta cike gurbi, su ma suka bi sahu. Ta canza lokacin ruwa, ta ɗebi ƙasa a leda ta tafi da ita, ta dawo fuskarta ba annuri. A sati na shida filin ya koma kamar kan mai sanƙo, gashi ɗaya nan, ɗaya can.

Ranar Alhamis, ana gobe mai kamfani zai zo, ta iso da wuri. Ta tsaya ta ƙirga abin da ya rage. Goma sha ɗaya. Ba ta ciro littafi ba. Ta zauna a bakin dakalin hanya, ta cire malafar ta ajiye a ƙasa. Baba bai taɓa ganinta ba malafa ba. Ashe ƙaramar fuska ce a ƙarƙashi, irin ta 'ya'yan mutane.

"Wannan ne wuri na farko da aka ba ni ni kaɗai," ta ce, ba tare da ta dube shi ba. "Na yi duk abin da aka koya mini. Gobe me zan ce? Kai ma na ja maka, Baba. Ka yafe mini."

Ta share ido da bayan hannu.

Baba ya dubi Dogo. Dogo ya juya baya yana gyara kwaɗon da ba abin da ya same shi. Baba bai yi makaranta mai nisa ba, amma ya haifi 'ya'ya mata uku, ya san kukan wasa ya san na gaske. Ba wanda ke kuka don jarrabawar da shi ya shirya ta. Ya zauna a ƙasa a gabanta.

"'Yata, ba iska ba ce. Ba masu goge-goge ba ne. Ni ne."

"Kai ne me?"

"Ni nake sharewa. Kullum. Tsirran ma ni na cire."

Ta yi ta kallonsa baki buɗe. "Baba, ba na gaya maka ba? Ba ka gyaɗa kai ba? Ba kai ka taya ni jera sanduna ba?"

"Na taya ki."

"To don me?"

"An ce mini jarrabawa ce."

"Wa ya ce?"

Baba bai ambaci suna ba. Dogo ya shige ɗakin gadi ya rufe taga.

Ta riƙe kai da hannu biyu. Can ta ce, "Buhu talatin da shida. Ina ka kai su?"

Ya gwammace a kore shi sau biyu da ya nuna wurin nan. Ya ce ba wurin zuwan mace ba ne, ya ce akwai kunama, ya ce gwiwarsa. Ta ɗauki malafarta ta tsaya tana jira. Ya shige gaba kamar wanda ake kaiwa kotu, ya zagaya ɗakin janareta, ya janye langa-langa, ya kawar da kai.

Bai ji faɗa ba. Bai ji komai ba sai wani gunji ƙasa-ƙasa. Ya juyo.

Shi kansa rabonsa da ya kalli wurin da idon kallo ya manta, watsawa yake yi ya gudu. Ramin magina ya daɗe da cika, ya zama tudu. A kan tudun, tsirran da ya yar sun miƙe. Wanda ya faɗa a kwance ya lanƙwaso wuya ya tashi. Gamba ta wuce gwiwa, ɗoɗɗoya ta yi fure tana ƙanshi, ƙudan zuma na ta kai da kawo, su ne masu gunjin. Daga saman bango bututun na'urorin sanyaya ɗaki yana ɗigo ruwa, ɗis, ɗis, daidai tsakiya.

'Yar Malafa ta durƙusa ta tura hannu a gindin tudun. Hannun ya shige har gwiwar hannu kamar cikin gari. Ta ɗebo baƙar ƙasa mai sanyi, tsutsotsin tana guda uku na mutsu-mutsu a ciki. Ta kai hanci ta shaƙa, ta lumshe ido. Sai ta fashe da dariya, hawayen ɗazu bai ma bushe ba.

Baba ya ce a ransa, shi ke nan, na haukata 'yar mutane.

"Shekara nawa, Baba?"

"Ashirin da tara. Ki yi haƙuri."

"Haƙurin me?"

"Zan kwashe. Ki ba ni kwana uku."

"Ka taɓa shi mu ɓata har abada!"

A gaba ya share, laifi. A nan bai share ba, ana dariya. Ta miƙe ta karkaɗe gwiwa, fuskarta ta koma ta aiki.

"Gobe ba zan ɓoye komai ba. Zan gaya masa kai ka kwashe, zan gaya masa ni ma sati shida ban gane ba. Abin da zai yanke, ban sani ba. Mutum ne da ba ya son a ce masa to, a je a yi a'a."

Da ya koma gida ya gaya wa Iya har da zancen juji. Ta ajiye ludayi.

"Juji? Kai? Kai da kake ɗaga mini ƙafa ka duba ƙarƙashin kujera?" Ta yi dariya har da tari, sannan ta ga fuskarsa ta daina. Ta ɗauko rigar aikinsa mai kyau ta goge masa ita.

Ranar Juma'a mai kamfani ya zo, wani gajeren tsoho mai sanda. Manaja na gefensa. Baba ya tsaya da tsintsiyarsa da almakashi a hannu, a shirye ya miƙa su. Tsohon ya dubi filin gaba, ya ƙirga goma sha ɗayan nan da kan sandarsa. 'Yar Malafa ta faɗi komai yadda ya faru, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. Sannan ta ce su biyo ta.

Da aka janye langa-langa Manaja ya dafe ƙirji. "Baba! A bayan ofishina? Tun yaushe?"

Mai kamfani bai saurare shi ba. Ya miƙa wa Manaja sandar, ya durƙusa da ƙyar, ya tura hannu, ya murza ƙasar a tafinsa.

"Malam, me kake zubawa a nan?"

"Ganye ne, ranka ya daɗe. Da ciyawar da na yanka. Mai dafa wa ma'aikata shayi ma tana ba ni ganyen da ta tace. Na san bai kamata ba."

"Ba ya wari?"

"In ya fara, sai in juya shi da shebur, don kada Manaja ya ji."

"Ƙuda fa?"

"Ina barbaɗa ƙasa a kai, don kada su tona mini asiri."

"In ciyawa ta yi yawa ta yi danƙo?"

"Sai in rufe ta da busasshen ganye. Ɗanya tana da ido, ana hango ta daga nesa."

Kowace amsa Baba na ƙara sunkuyar da kai, kowace amsa tsohon na ƙara gyaɗa nasa. Aka ɗaga shi ya miƙe, ya karɓi sandarsa.

"Laifin gaban can naka ne, kuma babba ne. An gaya maka, ka ji, ka je ka yi naka. Da shi kaɗai na gani, da yau mun rabu."

"Haka ne, ranka ya daɗe." Baba ya miƙa tsintsiya.

"Amma ina da ma'aikata goma sha biyu. Shekara uku ina koya musu abin da ka yi a ɓoye, har yau in sun haɗa taki, maƙwabta sai sun kai ƙara saboda wari. Za ka zauna. Tsintsiyar kuwa, kawo ta." Ya karɓa ya miƙa wa 'Yar Malafa. "A wurinki za ta zauna. In zai share matakala ya roƙa, in ya gama ya mayar."

Baba ya dubi hannunsa da ba komai a ciki.

"Ranka ya daɗe, ka yi mini afuwa, ban gane ba. Aikin da na yi da kyau, shi ne laifin?"

"Shi ne."

"Wanda na ɓoye don kunya, shi ya tsayar da ni?"

"Shi ne."

"To gobe in na zo, me zan yi?"

"Abin da kake yi a bayan janareta, ka fito da shi gaban gini."

Baba ya gyaɗa kai. 'Yar Malafa ta ce, "A'a, Baba, wannan gyaɗa kan na san shi. Maimaita abin da aka ce." Ya maimaita sau biyu, kamar ɗan aji ɗaya.

Yana fita Dogo ya tare shi a ƙofa. "Ya aka yi?"

"An bar ni."

"Ba na gaya maka ba? Jarrabawa ce! Ka ci!"

Baba ya tsaya ya dube shi. A yadda kansa yake a lokacin, bai iya rantsewa cewa ba ita ba ce.

Ƙarshenta ke nan, ga yadda kowa ya ƙare. Sati biyu suka yi shi da 'Yar Malafa suna jido baƙar ƙasa a baro zuwa gaban gini, suka sake shuka, suka rufe da ganye, tsirrai suka kama. Ita an ƙara mata wurare biyu, kuma tsintsiyar tana bayan motarta. Manaja ya sa an cire langa-langa, yanzu in ya yi baƙi har bayan janareta yake kai su. Mai kamfani yana turo ma'aikatansa bibbiyu duk Laraba su koyi juya taki a wurin Baba. Dogo yana nan a ƙofa yana ba da shawara. Iya ta samu mai share mata tsakar gida, don hannun ya rasa inda zai huce. Baba kuwa yana nan a bakin aikinsa, in ganye ya faɗo yakan zura hannu biyu a aljihu ya kawar da kai, kuma har yau bai gane ba.